Mi ya sa unguwar ma'aikata ta fi sauran Maraɗi inuwa?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni zuwa ga manya. Duk wanda ya bi ta wajen gidan gwamna da tsoffin gidajen ma'aikata da rana tsaka cikin watan Afrilu, sannan ya zarce sababbin lotisma, wato filayen da aka yanka don gina gidaje, na bayan unguwar Zariya ko ƙarshen Ali Ɗan Sofo, sai ya rantse gari biyu ya ratsa. Can iccen bedi (darbejiya) ya haɗe kai bisa hanya, nan kuwa ko akuya ba ta da wurin laɓewa sai gindin katanga. Ƙasa guda, ruwan sama guda. To mi ya raba su? Kuɗi ne?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, in kuɗi ne ai da sababbin unguwanni sun fi inuwa, don benayen da ake ɗorawa can babu irinsu a tsohuwar unguwar ma'aikata. Sai an koma baya kaɗan.

Garin da Ɗan Kasawa, sarkin Katsinawan Maraɗi, ya zauna wajen 1819, bayan Katsina ta fita hannun sarakunan Haɓe, ba bisa tudun nan yake ba. Cikin kwarin gulbi yake, inda ƙasa ke da danshi, itatuwa na fitowa da kansu. Ambaliyar 1945 ce ta ci shi, Faransawa suka tashi mutane suka maido su tudu. Sunayen unguwanni suka biyo masu su: Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Limanci, Ɗan Gulbi, Mokoyo, Hasaw. To a nan abin ya soma. An fito daga fadama an hau jigawa, wurin da icce ba ya tsayawa sai da ɗawainiya. Nasara ya ja layuka miƙaƙƙu, ya yanka kare-kare, ya ware wa kansa da ofisoshinsa gefe guda da filaye manya da hanyoyi masu faɗi. Yana da abu uku da talaka ba ya da su a lokacin: fili, ruwa, da hannun da zai yi ban ruwa ko ana so ko ba a so. Bayan 1960 ma'aikatanmu suka gaji gidajen da itatuwan da ke ciki. Garin kuma ya ci gaba da miƙewa da kuɗin gyaɗa, aka yi su Sabon Gari da Sabon Kare, daga baya Zariya da Ali Ɗan Sofo.

Inuwar da kake gani can ta shekara sittin ce ko saba'in. Ba a yi adalci ba in aka gwada ta da unguwar da ba ta kai shekara goma ba.

Tsohon Gandun Daji: Malam, na yarda da rabi. Amma kun ba Nasara fiye da rabonsa. Ku duba kaurin itatuwan da kyau. Manyan maɗatai da wasu tsoffin bedi, to, waɗannan na zamanin ne. Amma yawancin bedin da ke bakin hanyoyi da cikin lakwal-lakwal da ofisoshi bayan fari aka dasa su. Farin 1973 da 1974 ya firgita hukuma, tun 1975 aka maida ranar 3 ga Agusta ranar dashen icce. Sannan a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada cikin watan Mayu 1984, zamanin Seyni Kountché, wanda ake kira Alkawarin Maraɗi. Bayan taron nan kowace ma'aikata, kowace makaranta, an ɗora mata dashe, kuma a lokacin soja in an ce ka dasa, za a dawo a ƙirga. Abin da ya raya itatuwan ke nan, ƙirgar da ake dawowa yi. Yau ma ana dashe ranar 3 ga Agusta, ana ɗaukar hoto, amma wa ke komawa cikin Maris ya ga nawa suka rage?

Malamin Tarihi: Ban musa ba Alhaji. Sai dai dashen 1984 ya kama ne inda aka riga aka bar masa wuri. Hanyar da ke da faɗin mita 20 ko 30 tana ɗaukar layin icce dama da hagu. Lungu mai mita 10 fa?

Mai Awon Fili: Nan ne maganar take, bari in sa lissafi. Tsoffin gidajen ma'aikata filinsu na da yawa, ginin yana tsakiya, an bar sarari gaba da baya. Yanzu parsel ɗin da aka fi yankawa 20 bisa 20 ne, wato murabba'in mita 400, ko 15 bisa 20, murabba'in mita 300. Bedi in ya girma rassansa na buɗewa kamar mita 10 daga gefe zuwa gefe. Da'ira mai faɗin mita 10 tana cin kusan murabba'in mita 78. A fili mai 300 kwata ke nan na gidan gaba ɗaya. Mai gida yana son ɗaki huɗu da falo, da garaji, da shago biyu a bakin hanya don haya, da ramin masai. Ina iccen zai zauna? Sai a ce a kai shi waje. A waje kuma, hanya mita 10 ce: cire wurin wucewar mota biyu, cire kanibo, wato magudanar ruwa, in za a yi, cire turakun wuta gefe guda, bututun ruwa gefe guda. Abin da ya rage bai kai mita ɗaya da rabi ba, kuma shi ne maƙwabci ke zuba yashi da bulo a kai.

Akwai kuma filayen da ake warewa cikin taswirar lotisma don shaƙatawa da makaranta da masallaci. A takarda suna nan da launin kore. In ba a kewaye su an dasa wani abu tun shekarar farko ba, sannu a hankali sai su zama juji, daga juji sai a ce ai wurin ya lalace gara a yanka. Fili marar icce ba ya da mai kare shi.

Hajiya ta Zariya: Ku maza kuna ta maganar mita. Ku tambayi mata dalilin da ya sa ake sare bedi cikin gida. Shara ce. Ganye na zuba lokacin ɗari, fure na zuba da bazara, ƴaƴa na zuba gab da damina, jemagu su sha su tofar da ƙwallon bisa shanya. Tsakar gidan da aka dafe da siminti sai an share sau biyu a yini. A gidajen ma'aikata na da akwai mai gadi da yaron gida masu wannan aiki, kuma ƙasa ce ba siminti ba, ganyen na ruɓewa a wurin. Sannan ana cewa yana tara sauro.

Ma'aikacin Likita: Hajiya, ta sharar gaskiya ce, ta sauron kuwa a gyara. Sauro ba ya haihuwa cikin ganye, cikin ruwan da ya kwanta yake zuba ƙwai: tsohuwar taya, gwangwani, randa marar murfi, kanibon da ya toshe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne lokacin zafi. Iccen wurin hutunsa ne kawai da rana. Inda bedi ke da laifi shi ne ganyensa in ya cika kanibo ya tare ruwa. Maganin wannan yashe kanibo cikin watan Yuni kafin ruwa ya zauna, ba gatari ba.

Hajiya ta Zariya: To Allah ya ba mu masu yashewa.

Magini: Ni ta wajen gini zan shigo, don mu ake kira in katanga ta tsage. Ba kowane icce ke fasa gini ba, kuma ba kowace tsaga ce laifin icce ba. Wanda ya yi harsashi mai zurfin santimita 30 cikin yashi, ba ƙarfe, ba ɗauri a sama, ko babu icce katangarsa za ta buɗe.

Amma ga waɗanda ba a kusantar da su gini: cediya da ɗurumi, saiwarsu na bin danshi har cikin ramin masai, ta shiga ta ƙaramar kafa ta yi kauri ta fasa. Etajer ɗin nan da ake yayi yanzu, mai rassa hawa-hawa, saiwarsa bisa-bisa take, shekara shida ko bakwai sai ka ga pave ya kumbura. Turare kuwa dogo ne ba inuwar kirki, ga shan ruwa, ga reshe mai karyewa da iskar farkon damina. Bedi ya fi su haƙuri, yana da saiwa mai nutsewa ƙasa, amma shi ma kada a sa shi ƙasa da mita 3 daga katanga, mita 5 daga ramin masai ko rijiya. In wurin ya matse, a haƙa rami siriri mai zurfin santimita 80 tsakanin iccen da katangar, a jera bulo cikakke ko a zuba kankare, saiwar ta juya ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dafe siminti har jikin iccen. Ruwa ba ya shiga, iska ba ta shiga, saiwa ta taso sama neman danshi ta ɗaga daben. A bar masa ƙasa aƙalla mita ɗaya kowane gefe.

Ɗan Bagalam: Baba Magini, to maɗaci fa? Shi ne ya fi kyau a ido.

Tsohon Gandun Daji: Maɗaci sarkin hanya ne, amma yana son ƙasa mai danshi da zurfi, kuma yana da jinkiri. A tudunmu sai an daɗe ana ba shi ruwa. Babban abokin gabarsa kuma masu sassaƙe ne. Ɓawonsa magani ne, kowa ya zo ya ɗiba. In an sassaƙi gefe guda iccen na warkewa. In aka zagaye shi kaf kamar zobe, an yanke hanyar da abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa, shekara ɗaya ko biyu sai ya bushe a tsaye. Ku duba tsoffin maɗatan gari daga ƙasa zuwa tsayin hannun mutum, za ku ga tabon.

Shi bedi ba ɗan ƙasa ba ne, daga Indiya aka kawo shi zamanin mulkin mallaka. Ya yi nasara a nan don ruwan da muke samu, milimita 400 zuwa 600 a shekara, ya ishe shi in ya kafu, kuma yana riƙe ganye da bazara, lokacin da ake neman inuwar. Amma dogaro da icce iri guda na da haɗari. A farkon shekarun 1990 an ga wata cuta a bedin Nijar, ganye ya yi rawaya ya zube ya bar ɗan tuntu a ƙarshen reshe. Da abin ya yi tsanani da garuruwanmu sun tsiraita lokaci guda. Shi ya sa in ana jera layi, bayan bedi uku ko huɗu a sa tsamiya ko kurna ko aduwa. Tsamiya ba ta sauri, jikoki ake dasa wa.

Mai Renon Dashe: Gaisuwa ga manya. Tunda an zo ga dashe, bari in faɗi yadda ake yi, don yawancin abin da ke mutuwa tun ranar farko aka kashe shi.

Irin bedi ba ya ajiyuwa. In ƴaƴan sun nuna sun yi rawaya, a wanke naman, a shanya a inuwa, a shuka cikin sati biyu ko uku. In ya yi wata biyu ko uku a ajiye yawancinsa ba ya tsira. Ƙasar leda: kwano biyu na yashi, kwano ɗaya na taki ruɓaɓɓe. Dashe ya yi wata uku zuwa huɗu, tsayinsa ya kai santimita 30 zuwa 50. Wanda ya shekara cikin leda kada ku saya don kun ga ya yi tsayi. Saiwarsa ta naɗe a gindin leda kamar gammo, ko an dasa haka za ta ci gaba da zagaye, iccen ya tsaya cak ko iska ta kada shi bayan wasu shekaru.

Rami santimita 50 faɗi, 50 zurfi, a haƙa shi sati biyu kafin dashe. Ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A cuɗa ta saman da bokiti ɗaya na taki ruɓaɓɓe da ɗan toka, ita za a fara maidawa. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke gindin ledar da wuƙa kamar kaurin yatsa, a tsaga gefe, a zare ta gaba ɗaya. Sau da yawa in aka tone mataccen dashe sai a tarar da ledarsa a jiki. Wuyan iccen ya tsaya daidai da bakin ƙasa, kada a binne shi. A taka ƙasar, a yi masa kwano, a ba shi ruwa nan take ko da hadari ya haɗo. Tsakanin icce da icce a bakin hanya mita 7 ko 8.

Lokaci kuma, kada ranar 3 ga Agusta ta ruɗe ku. A Maraɗi ruwa na ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba. Wanda aka dasa farkon Agusta yana da sati bakwai ko takwas na ruwan sama. Wanda aka dasa tsakiyar Yuli, in ƙasa ta jiƙa sosai, ya samu ƙarin sati biyu ko uku, kuma bambancin na nunawa da bazara.

Ɗan Bagalam: Ban ruwan ne ke korar mutane, Malam. Ana ganin tsada.

Mai Renon Dashe: Mu ƙirga. Jarka ɗaya mai lita 20, sau biyu a sati, daga Oktoba zuwa farkon Yuni, sati 36 ke nan. Jarka 72, lita 1440 a shekara. In an ɗauka jarka dala biyar ce wajen ɗan garuwa, dala 360 ke nan, bai cika jika biyu ba. Shekara biyu ake yi haka, ta uku sau ɗaya a sati da bazara ya isa, daga nan ya kama kansa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk suna yi, banda mai omo da yawa ko ruwan jabel. Kuma a zuba jarkar gaba ɗaya lokaci guda da marece. Ɗan yayyafi kullum yana sa saiwa ta zauna sama, ranar da aka yi tafiyar sati guda sai a tarar da kara.

Abin da ya fi ruwa tsada shi ne kariya. Akuya na cin bedi ƙarami duk da ɗacinsa, balle da rani. Ƙaya ba ta wuce wata uku, mata na kwashewa su hura wuta. Waya mai raga tana yi in an kafa mata turaku huɗu masu ƙarfi, amma ana sacewa. Wanda ya fi daɗewa shi ne a zagaye da bulo, ana barin kafa tsakaninsu don iska, tsayi mita ɗaya da rabi, faɗin ciki mita ɗaya. In aka rufe ba kafa, zafin bulon na dafa dashen cikin Afrilu.

Ɗan Tibiri: Ni dai abin da ni ka gani, mutanen ƙauye sun hi mu gane wagga magana. Tun 1983 da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, ya hwara aikin sassaben zamani nan jihar Maraɗi, manoma sunka bar toho na kututture shina girma cikin gona, ba leda ba ban ruwa. Ku tahi hanyar Agye ku ga gawo cikin gonaki. To lotisma bisa gonakin nan aka yin ta. Mi ya sa mai awo da mai gini ba su barin gawon da sunka tarar? Icce mai shekara ashirin a sare shi rana guda, a zo a dasa ɗan tsurut a ce ana yaƙi da hamada.

Mai Awon Fili: Maganarka na kan hanya, yayana. Wanda ya faɗo tsakiyar hanya ko inda ɗaki zai zauna ba makawa. Amma wanda ya faɗo kan iyaka ko kusurwar fili ana iya kauce masa da taswirar gini, matsar da ɗaki mita biyu ne kawai. Gawo ma ya dace da gida ta wani fanni: yana da ganye da rani, ya zubar da damina, akasin sauran. Illarsa ƙaya, da rassa masu faɗi in ya tsufa.

Tsohon Gandun Daji: A ƙara da cewa gawo na cikin itatuwan da doka ta kare. Dokar gandun daji ta 2004 ba ta yarda a sare shi ba sai da izinin ma'aikatar muhalli, ko da cikin filinka ne. Mutane da yawa sai an kawo musu takardar tara suke sani.

Sai maganar aski, don ita ke lalata layukan da muke yabo. In reshe ya kusa wayar wuta dole a rage shi, babu gardama. Amma yadda ake guntule kan bedi gaba ɗaya a bar kututture, wannan ɓarna ce. Tohon da ke fitowa bayan haka da yawa yake fitowa, a miƙe, ba ya da riƙo mai ƙarfi a jikin uwar, cikin shekara biyu ya sake kai wa wayar, iska kuma na ɓalle shi. Wurin saran ya sha ruwa ya ruɓe ya zama kogo. Yadda ya kamata: a zaɓi reshen da ke nufar wayar a cire shi daga tushensa. Sara uku ake yi. Na farko daga ƙasan reshen, kamar taki ɗaya daga jikin iccen, a shiga sulusin kaurinsa. Na biyu daga sama, gaba da na farkon kaɗan, reshen ya faɗi ba tare da ya yage ɓawo ba. Na uku a cire guntun da ya rage dab da kumburin wuyan reshen, kada a shafe kumburin, shi ke rufe ciwon. Kada a cire fiye da kwata na ganyen icce a shekara guda. Kuma in wayar na kusa, a kira masu wuta su yanke layin tukuna, ɗanyen reshe na ɗaukar wuta.

Mafi sauƙi dai, gefen da turakun wuta suke a sa gajerun itatuwa, a bar bedi ga ɗaya gefen.

Hajiya ta Zariya: Duk da haka ni ban ga abin sha'awa a zaman unguwar ma'aikata ba. Inuwa ce ba mutane. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, mai gadi bisa benci. Ko gishiri ya ƙare miki sai kin hau kabukabu. A Limanci ko Bagalam bedi guda a ƙofar gida ya ishi mai ƙosai da safe, tsofaffi da hantsi, fadar samari da marece.

Malamin Tarihi: Hajiya kin taɓo halin wurin. Tun asali ba don zaman jama'a aka zana ta ba, don ofis da gidan mai ofis ne, shi ya sa babu kasuwa a tsakiyarta, da la'asar ma'aikata sun watse sai tsit. Amma ki duba waɗanda ke cin inuwar da rana: ƴan kabukabu da ke jiran fasinja, mai shayi, mai wankin mota, masu gyaran taya, ƴan lakwal da ke jiran a buɗe ƙofa. Kusan duk daga wasu unguwanni suke zuwa. Mai gidan yana ciki da na'urar sanyi.

Magini: Ga wani amfanin da ba a faɗa ba. Garinmu gangare yake yi zuwa gulbi, ƙasar kuma yashi. Duk rufin kwano da daben siminti da aka ƙara a sama, ruwansa na taruwa ya gangaro da ƙarfi, shi ke haƙa kwazazzaban da ke cin gidaje ta gefen gulbi. Gida mai fili da icce yana shanye wani kaso na ruwansa. Gidan da aka dafe kaf yana tura wa na ƙasa da shi duka. In dole sai an dafe, a yi pave bisa yashi ba tare da siminti a ƙasa ba, ruwa na bi ta tsakaninsu.

Ɗan Bagalam: Na gode manya. Tambaya ta ƙarshe ga Malam Mai Renon Dashe: gida mai 15 bisa 20, hanya mita 10, turakun wuta a gefenmu. Mi za a sa?

Mai Renon Dashe: A waje kada ka sa bedi ƙarƙashin waya. Ka yi magana da maƙwabcin da ke fuskantarka, a dasa bedin a gefensa, mita 3 daga katangarsa in hanyar ta ba da hali, ku raba kuɗin bulo da ban ruwa. In gefensa ne yamma, inuwar la'asar ƙofarka za ta faɗo. A cikin gida kuwa lemun tsami ɗaya ko gwaba a kusurwar da ruwan alwala ke bi, da layin zogale nesa da katanga kamar taki biyu, ana rage masa kai a tsayin mita ɗaya da rabi don ya yi rassa. Mangwaro ka bar wa masu garka a gulbi, sai in kana da pampo da ba ya yankewa. Ramin kuma ka haƙa shi tun ƙarshen Yuni, takin ka fara tara shi yanzu don ya ruɓe.